Kiɗa, Ƙarfi da Magani: Tarihin Filin Kokawa a Ƙasar Haɗeja

A manhajar makarantun Nijeriya da aka sake wa fasali a shekarar 2007 bayan an mayar da karatun tushe shekara tara, an ajiye kiɗa da zane a darasi guda, an kuma ajiye motsa jiki da kiwon lafiya a wani darasin daban, kowanne da malaminsa da littafinsa da jarrabawarsa. Wannan rabe-rabe baƙon abu ne a ƙasar Haɗeja, domin tun kafin a buɗe ajin boko na farko a masarautar, fannonin nan suna haɗuwa ne a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, wato a filin kokawa da dambe na bayan girbi, inda makaɗi da baduku da mai magani suke taruwa a kan saurayi guda, kowa yana ba da tasa gudunmawar ga jikin da za a gwada a gaban jama'a. Yadda aka yi suka haɗu, da yadda jirgin ƙasa da rediyo da madatsun ruwa suka raba su a cikin ƙarni na 20, shi ne yake bayyana dalilin da ya sa matashin yankin a yau yake samun waƙarsa a waya, yake neman ƙarfinsa a kwalba, ba tare da ya san wanda ya haɗa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa, ya ratsa ta Wudil da Ringim, sa'annan idan ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi da ke kewaye da garin Haɗeja sai ya rarrabu rassa-rassa, daga cikinsu akwai Marma da Burum Gana, ya bazu cikin fadamu da tafkuna kafin ragowarsa ta haɗu da ruwan Jama'are a kusa da Gashuwa, inda ake samun Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. A shekarun da aka yi ruwa sosai kafin a gina madatsu, ambaliyar watannin Agusta da Satumba takan rufe filin da ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma a kan wannan cika da janyewa ne Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa, da Auyakawa waɗanda harshensu ya riga ya ɓace, suka tsara shekararsu: shinkafa a cikin ruwa, gero da dawa a kan tudu, su idan ruwa ya fara ja da baya, wake a danshin da ya bari, alkama da albasa da barkono da rani, kiwo kuma a ciyawar da ta tsiro bayan kowa ya kwashe nasa. Kafin jihadi ƙananan sarautu ne suke riƙe da yankin, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗeja kanta, suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru, har zuwa lokacin da Sambo ɗan Arɗo Abdure ya haɗe su ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a Haɗeja daga 1808.

Malaman motsa jiki na zamani sukan kasa ingancin jiki kashi-kashi domin sauƙin koyarwa. Akwai ƙarfi, wato iya ɗaga nauyi ko ture shi a tashi ɗaya. Akwai juriya, wato iya daɗewa ana aiki ba tare da numfashi ya sarƙe ba, wadda ta dogara da lafiyar zuciya da huhu. Akwai laushin gaɓoɓi. Akwai kuma iya daidaita jiki a kan ƙafa ko a kan abin da ke motsi. Aikin fadama yana gina dukansu ba tare da an ambaci sunan ko ɗaya ba. Masunci yakan kifa cikinsa a kan gora, wato ƙaton duman da aka buɗe wa baki, wanda yake ɗaukarsa a kan ruwa ya kuma zama ma'ajiyar abin da ya kama, yana tura ruwa da ƙafafu, hannayensa riƙe da homa yana nitsa ta yana ɗagowa, kuma yakan yi sa'o'i a haka, alhali duk wanda bai iya riƙe tsakiyar jikinsa ba gorar za ta juye da shi nan take. Mai ban ruwa da jigo, wato doguwar sandar da aka ɗaura wa guga a kai ɗaya da curin laka a ɗaya kan, yakan sunkuya ya miƙe tun da asuba har rana ta take, yana jawo ruwa daga rami yana zubawa a magudana. Mata kuwa daka da surfe da casar shinkafa da ɗaukar ruwa sun ishe su horo, 'yan mata kuma su ƙarasa da gaɗa a dandali idan wata ya yi haske.

Sai dai bai kamata a ɗauka cewa jikin da aiki ya gina lafiyayye ne ta kowace fuska ba, domin ruwan da yake ciyar da mutanen fadama shi ne kuma yake raba musu cuta. Tsargiya, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya. Tsutsar takan fito daga jikinsu ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su riƙa fita tare da jini a ƙarshen fitsari. Saboda yawanta a tsakanin yara maza masu wuni a ruwa, an daɗe a wurare da dama ana ɗaukar wannan jini alamar balaga maimakon alamar ciwo, fahimtar da ta jawo wa mutane da yawa lalacewar mafitsara da ƙoda bayan girma ya zo. Idan aka ƙara da zazzaɓin cizon sauro da yunwar tsakiyar damina, za a gane cewa ƙaƙƙarfan saurayin da ake fitarwa fili shi ne wanda ya tsira daga abubuwan da suka kwantar da tsararrakinsa da yawa.

Lokacin wasa kaka ne, bayan an yanke gero da dawa an cika rumbuna, ruwa ya fara komawa cikin kogi, hanyoyi kuma sun buɗe tsakanin ƙauyukan da ambaliya ta raba tsawon watanni. A lokacin ne ake yin kalankuwa, wato bikin samari da 'yan mata na murnar amfanin gona, wani gari ya gayyaci wani, a share fili a bayan gari, a zuba yashi. Kokawa wasan manoma ce, kuma ƙa'idarta gajera ce: a kama, a nemi ƙafa ko ƙugu, wanda aka kai ƙasa ya faɗi, faɗuwarsa kuma ta garinsu ce gaba ɗaya. Yara suna fara koyon tsayuwa ne daga langa, inda kowa yake riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna domin a kare wanda ake kira ruwa har ya kai masha. Dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne, kuma akwai tsohuwar shaida a kan haka, domin Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya biyo hanyar Katagum daga Barno ya isa Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa ya ba da wuri 2,000 aka shirya masa dambe a ƙofar masaukinsa, 'yan wasan suka zo da makaɗa da taron mahautan gari, kowane da hannunsa ɗaya a naɗe, kuma sai da ya gindaya sharaɗin kada a yi da gaske saboda ya ji cewa karawar takan kai ga rasa rai. Fasalin da ya gani bai sauya sosai ba: hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne na duka, ɗayan a buɗe yake domin kariya da auna tazara, ana yin turmi uku, wato zagaye uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi, idan kuma babu wanda ya faɗi a ce an tashi babu kisa.

Babu ɗaya daga cikin wasannin nan da yake yiwuwa ba tare da kiɗa ba, kuma a nan ne ya dace a tsaya a duba abin da makaɗi yake yi. Kalangu, wanda shi ne abin kiɗan mahauta da 'yan dambe, icce ne mai siririyar tsakiya da faɗin baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an haɗa fatun biyu da tsirkiyoyi; idan makaɗi ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa fata ta ɗame amo ya hau, idan ya sassauta amo ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wato kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, kalangu yana iya bin karin jimla har mai sauraro ya gane maganar ba tare da an furta ta ba. Wannan shi ne tushen take, wato gajeren kiɗan da aka keɓe wa mutum ɗaya ko sana'a ɗaya, wanda da zarar mai shi ya ji, ko yana bayan taro, zai miƙe jiki na tsuma ya shigo fili ya yi kirari, wato ya koɗa kansa da bakinsa ya ƙalubalanci duk mai ja. Abin da malaman kiɗan zamani suke kira sauri da tsarin bugu, a wannan fili ba a ƙayyade shi tun da farko ba. Makaɗi yana kallon ƙafafun 'yan wasa ne, idan suna zagaye juna ya ja kiɗa, idan sun haɗu ya tsananta, idan an yi kaye ya juya zuwa taken wanda ya yi nasara. Waƙar da ke kan kiɗan ma tana da tsarinta, wanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993: akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiyan da jagora yake saƙawa nan take gwargwadon abin da ke faruwa, akwai 'yan amshi masu karɓa, akwai kuma rauji, wato hawa da saukar muryar da ake gane waƙa da shi ko ba a ji kalmominta ba.

Fada tana da nata kiɗan, na tambari da kakaki da algaita, wanda aikinsa sanar da iko ne da tara mayaƙa, kuma ko da yake Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagala da kaɗe-kaɗe a cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe, bai hana kiɗan da ake tara runduna da shi ba. Masarautar Haɗeja da Sarki Buhari ya riƙe daga 1848 zuwa rasuwarsa a yaƙin Gogaram a 1863, wadda ta karya rundunar Sakkwato a Kaffur, masarauta ce ta dawaki da mayaƙa, kuma ba shi da wuya a ga alaƙar da ke tsakanin filin da ake gane jarumin ƙauye da rundunar da take bukatarsa.

Aikin baduku a jikin ɗan kokawa shi ne zanen da talaka ya fi gani kusa da idonsa. Ana jeme fatar akuya da 'ya'yan bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi ko baƙa da kashin maƙera, sa'annan a ɗinka laya mai kusurwa huɗu, da kambun da ake ɗaurawa a damtse, da gurun da ke zagaye ƙugu, da warki mai tuntaye da ke kaɗawa idan mai shi ya taka rawa. Launi da layi da maimaita siffa da daidaita ɓangaren dama da na hagu, waɗanda su ne darasin farko a ajin zane, duk suna nan a kan laya guda, kamar yadda suke a kan tabarmi da faya-fayan da matan yankin suke saƙawa da kabar goruba. Lokacin da ɗaliban zane na Zariya irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna kira da a haɗa dabarun Turai da siffofin gida, irin wannan gado suke nufi, ko da yake kiran nasu bai iso rumfar baduku ba.

Magani kuwa iri-iri ne, kuma ba a kan ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora su ba. Akwai na ci da sha, wato fura da nono da tsimin sassaƙe da saiwoyi da ake ba saurayi tun kafin kaka. Akwai na tsari, irin su sagau da ake cewa yana kashe hannun abokin karawa, da kau-da-bara, da tauri da ake cewa yana hana ƙarfe kama jiki, waɗanda al'amarinsu na imani ne da ƙarfin zuciya. Akwai kuma aikin hannu na maɗori mai gyara karaya da targaɗe, da na wanzami mai ƙaho da tsaga. Illolin wannan tsari a bayyane suke, domin babu wanda ya san adadin abin da ke cikin kofin tsimi, kuma aska ɗaya takan bi jikin mutane da yawa. Amma yana da kariya guda wadda ta cancanci a ambata: mai ba da maganin sananne ne, kakan yaro ne ko ubangidansa a wasa ko wani dattijon unguwa da ya gaji abin, ba ya gudu ya bar gari, kuma abin da ya bayar za a gwada shi a gaban kowa, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan yaro ya sha ya galabaita, an san ƙofar da za a je.

Rabuwar waɗannan fannoni ta fara ne bayan 25 ga Afrilu 1906, ranar da sojojin Ingila suka ci garin Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan mayaƙansa. Da yaƙi ya ƙare, jarumta ta rasa babbar kasuwarta. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru ta Malam Madori da Birniwa, cinikin gyaɗa ya kawo kuɗi da baƙi da 'yan ƙwadago, samari suka fara tafiya cin rani birane, kuma a biranen ne dambe ya zama sana'a: aka kewaye fili da zana, daga baya da kwano, aka sa mai karɓar kuɗin ƙofa, 'yan wasa suka kasu rukuni-rukuni na Kudu da Arewa da Guramaɗa, ana yi rani da damina ba tare da jiran girbi ba. Makarantar boko ta zo da nata tsarin, wanda ya samo asali daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922: a jera yara sahu-sahu, a ƙirga musu motsi da lamba, a koya musu ƙwallon ƙafa da guje-guje, usur kuma ya maye gurbin ganga. Wannan tsari ya kawo alheri na gaske, domin ya shigar da raunana da 'yan mata cikin wasa, ya kuma koyar da tsabta, amma ya ɗauki kokawa da langa a matsayin wasan ƙauye har tsawon shekaru. Jamhuriyar Nijar ce ta riga ɗaukaka kokawa, inda ta fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta farko. A Nijeriya kuwa sai daga baya aka shigar da kokawa da dambe da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973.

Haɗeja ta ba Hausa mutane biyu da suka nuna inda waƙa ta dosa a wannan zamani. Na farko shi ne Mu'azu Haɗeja, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1958, jinin sarauta kuma malamin makaranta a Kano, wanda aka buga waƙoƙinsa a Zariya aka riƙa karantar da su a makarantu. Waƙar Giya tasa gargaɗi ce ga mai saye game da abin da yake zuba wa cikinsa, ta fuskar addini da mutunci, tun kafin a kafa wata hukuma mai wannan aiki. Na biyu shi ne Haruna Uji, makaɗin gurmi. Gurmi ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata aka soka masa sanda aka ja tsirkiya biyu ko uku, kuma masu nazarin kiɗan Hausa sun lissafa shi cikin kayan kiɗan 'yan kokawa, amma a hannun Haruna Uji ya bar fili ya koma rakiyar muryar mutum ɗaya mai waƙar soyayya da zaman duniya, kamar waƙarsa ta Jummai. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kaset da ya biyo baya, su suka kai wannan murya inda mai ita bai taɓa zuwa ba, kamar yadda suka kai wa mutanen fadama waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago, har aka san shi a garuruwan da ba a taɓa ganin naushinsa ba. Daga nan kiɗa ya zama abin da ake saurara a zaune, a shago ko a cikin mota, ba tare da wani jiki yana amsa shi ba.

Mataki na gaba ya zo da finafinan Hausa na Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano mai aiki da lantarki, galibi ƙirar Yamaha, ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti aka fara waƙoƙin da ake kira nanaye. Na'urar ta kawo abubuwa biyu da kiɗan gargajiya bai dogara da su ba. Ɗaya shi ne jituwar amo, wato danna amo uku ko fiye a lokaci guda domin su zama shimfiɗa a ƙarƙashin murya, alhali waƙar Hausa ta gargajiya layi ɗaya take bi, mafi yawa a kan matakan amo biyar. Ɗayan shi ne bugu mai ƙayyadadden sauri, wanda injin yake maimaitawa ba ƙari ba ragi daga farkon waƙa har ƙarshenta, sa'annan manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, da ta fito a 1997, ta zo ta riƙa jawo muryar mawaƙi zuwa amon da ya fi kusa. Ribar wannan sauyi ba ƙarama ba ce, domin yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba ne yana iya zama mawaƙi, mata sun sami shiga, kuma waƙar da aka yi a Kano da safe tana iya isa Guri ko Kirikasamma ta waya kafin dare. Hasararsa kuma ita ce mutum ɗaya da na'ura ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa a gidajen biki, ilimin take yana raguwa a kunnen matasa, kuma gidan dambe yana cikin wurare ƙalilan da har yanzu ba a iya sallamar mai kalangu ba, saboda babu faifan da zai san lokacin da za a kai naushi.

A daidai wannan lokaci kogin ma ya sauya hali. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Calawa da aka gama a 1992, tare da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, sun rage ambaliyar shekara-shekara, ruwan da ake saki da rani kuma ya sa wasu rassan ba sa bushewa sam, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki a wajen Marma, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da matattarar sauro da dodon koɗi. Noman rani da injin ban ruwa, wanda ya bazu daga shekarun 1980, ya kawo arziki na shinkafa da alkama da tattasai, amma ya cinye hutun kaka da ake wasa a cikinsa, jigo ya ɓace, babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya rage daka. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake ganin na masu kuɗin birni ne, sun shigo garuruwan yankin, har shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako yaro kuma minti 60 a kullum, ta zama abin da ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar Haɗeja suke bukatar ji.

Inda rabuwar ta fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Sha'awar ƙarin ƙarfi tana nan yadda take, amma mai biyan ta yanzu baƙo ne: mota ce da amsa-kuwwa da take tsayawa ranar kasuwa ta tashi kafin magariba, ko mai tallan ƙwayoyi a faranti da rana ta gasa su, ko haɗin ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙullawa a leda domin ciwon jiki. Tiramol, wanda maganin ciwo ne mai sa jaraba da farfaɗiya idan ya yi yawa, ya shiga hannun 'yan ƙwadagon gona da masu dako saboda yana ɓoye gajiya, kuma ɓarnar maganin tari mai kodin ta kai ga gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Ko kifin da garin Haɗeja ya yi suna da shi bai tsira ba, domin an daɗe ana kokawa da masu zuba gubar gamalin a ruwa su kwashe abin da ya taso, da masu fesa maganin ƙwari a kan banda domin kada ta yi tsutsa, alhali sinadarin gamalin yana cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta haramta a 2009.

Abin da ake kira lafiyar mai saye shi ne ilimin da mutum yake kare kansa da shi idan bai san mai haɗa abin da zai sha ba, kuma hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi ita ce NAFDAC, wadda aka kafa da doka ta 15 ta 1993, ta kuma yi tashe a zamanin Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008. Matakan da take koyarwa ba su da yawa: a duba lambar rajista, a duba ranar da magani zai lalace, a duba suna da adireshin wanda ya yi shi, a kankare lambar sirri a aika ta waya idan kwalin yana da ita. Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa, wato lambar da ake ba mafi yawan magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce kawai cewa an gwada ba a ga guba ba, ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da cututtukan da ake lissafawa a amsa-kuwwa. Amma duk waɗannan matakai sun ginu ne a kan zaton cewa mai saye zai karɓi kwali cikakke kuma zai iya karanta shi. A kemis na ƙauye, wanda lasisinsa ya ba shi izinin sayar da ƙananan magunguna ne kawai a cikin kwalinsu na asali, abin da aka saba gani shi ne mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin da aka miƙa masa, ranar lalacewa da lambar rajista su tafi tare da ɓangaren da wani zai saya gobe. Wanda ma ya sayi kwalin gaba ɗaya, idan karatunsa na allo ne, ajami ko Hausar boko yake iya karantawa, alhali dokokin rubutun jikin magani Turanci suka wajabta, suka bar sauran harsuna a matsayin zaɓi ga kamfanin da ya ga dama.